Kofin Ƙalubale na 2023: Darasin da King Faisal da Dreams Suka Bar wa Zango

  Muna gaida iyayenmu da malamanmu na nan Akwatialine, da 'yan'uwa na Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Alabar. Masu sana'ar gwangwan, sannunku da aiki. Direbobi da ke kan hanya, Allah ya kai ku lafiya. Samarin da ke zaune a majalisar ataya, ku ɗan ƙara muryar rediyon, domin yau maganar taku ce.

Shirinmu na faɗakarwa yau zai shiga filin ƙwallo. Iyayenmu mata, don Allah kada ku canza tasha. Yaron nan da ke dawo muku gida da ƙura har gwiwa, da wanda ya nace sai an saya masa takalmin ƙwallo, a kansu za mu ƙare zancen. Za mu ɗauki kakar wasa guda ɗaya ta kofin ƙalubale na Ghana, wadda ake kira MTN FA Cup, wato kakar 2022 zuwa 2023. A kakar ne ƙungiyar da Zangon Kumasi ke kira tata, King Faisal, ta kai wasan ƙarshe, kuma a kakar ne ta faɗo daga gasar Firimiya. Yadda abu biyun nan suka haɗu a kan ƙungiya ɗaya, shi ne abin da za mu duba.

Bari mu fara da yadda gasar take, saboda wanda bai saba bin ta ba.

A ƙasar nan manyan gasanni biyu ne. Akwai Firimiya, wadda ƙungiyoyi 18 ke bugawa. Kowace za ta kara da sauran sau biyu, gida da waje, wasa 34 ke nan. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya. A ƙarshen kaka mai yawan maki ta zama zakara, uku na ƙasan teburi su sauka rukuni na ɗaya. A nan idan ka sha kashi yau, kana da mako mai zuwa ka gyara.

Shi kuwa kofin ƙalubale sili ɗaya ƙwale ne. Wasa ɗaya, wanda aka ci ya tattara ya koma gida. Ba a tashi canjaras. Idan aka yi kunnen doki sai a raba gardama da bugun fenariti. Abin da ya ba shi armashi shi ne ƙofarsa a buɗe take ga manya da ƙanana. Ƙungiyoyin Firimiya suna ciki, na rukuni na ɗaya suna ciki, haka ma wasu daga rukuni na biyu da hukumomin ƙwallo na yankuna ke turowa. Ƙananan kan fara da wasannin share fage, sannan manyan su shigo a zagayen 'yan 64. Daga nan sai 'yan 32, 'yan 16, 'yan takwas, wasan dab da na ƙarshe, sai na ƙarshe. A zagayen farko ana haɗa ƙungiyoyin da ke kusa da juna, don a rage musu kuɗin mota. Ku lissafa da ni: ƙungiyar Firimiya wasa shida kacal za ta haye ta ɗaga kofi. Wadda ta ɗaga kuma ita ce za ta wakilci Ghana a gasar cin kofin Confederation ta hukumar ƙwallon Afirka, CAF.

Ku riƙe lambobin nan biyu, shida da 34, za mu dawo kansu.

Gasar ta girmi yawancinmu. An fara ta a 1958, shekara guda bayan samun 'yancin kai, kuma Kumasi ce ta fara ɗaga kofin: Asante Kotoko ta doke Hearts of Oak da ci 4 da 2. A 1959 wata ƙungiyar Kumasin, Cornerstones, ta karɓa. Bayan wasan ƙarshe na 2001 gasar ta yi dogon barci, sai a kakar da ta ƙare a 2011 ta farfaɗo da tallafin kamfanin MTN. Dawowarta ke da wuya ta nuna halinta. Nania FC, ƙungiyar Abedi Pele, wadda a lokacin take rukuni na ɗaya, ta ci Kotoko ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido. New Edubiase ta ɗauka a 2012, Medeama a 2013 da 2015, Bechem United a 2016. Magoya bayan Kotoko kuma ba za su manta da 2017 ba, ranar da Saddick Adams ya zura wa Hearts ƙwallo uku rigis a Tamale aka tashi 3 da 1. A 2018 gasar ta tsaya cak bayan binciken Anas Aremeyaw Anas kan cin hanci a harkar ƙwallo, a 2020 kuma annobar korona ta katse ta. Hearts ta ɗauka a 2021, ta sake ɗauka a 2022 a nan filin Baba Yara. To, da kofin a hannun Hearts aka shiga kakar da muke magana a kai.

(ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, barkanmu da dawowa.

Wane ne a Zango bai san King Faisal ba? Alhaji Karim Grusah ne ya kafa ta, ya sa mata sunan Sarki Faisal na Saudiyya. Daga ƙwallon yara, wadda muke kira kolts, ta taso har ta kai Firimiya. Kirarinta ma namu ne, 'yan Insha Allah ake ce musu. Ta hannunta Samuel Osei Kuffour ya bi kafin ya je Turai ya ɗaga kofin zakarun nahiyar da Bayern Munich a 2001. Ta hannunta Ibrahim Tanko ya tafi Borussia Dortmund ta Jamus. Shilla Illiasu da Habib Mohammed, waɗanda suka buga wa Black Stars gasar cin kofin duniya ta 2006, duk sun sa rigarta. A 2005 ta kai matakin rukuni a gasar Confederation. Shekara da shekaru Alhaji yana ɗauke da wannan kaya, Allah ya saka masa da alheri.

A kakar 2022 zuwa 2023, King Faisal fuska biyu ta nuna. A Firimiya tana ta zubar da maki, mako bayan mako, tana gangarowa ƙasan teburi. A kofin ƙalubale kuwa kamar an canza 'yan wasan. Ta haye zagaye bayan zagaye, manyan kuma suna zubewa a gefenta. Hearts mai riƙe da kofi, Dreams FC ce ta yi waje da ita tun da wuri. Kotoko kuma Aduana Stars ta cire ta. A wasan dab da na ƙarshe King Faisal ta kawar da Nsoatreman, ita kuma Dreams ta tsallake Skyy FC, ƙungiyar rukuni na ɗaya daga Daboase da ta ba mutane mamaki a kakar.

Sai aka wayi gari da ƙungiyoyi biyu a wasan ƙarshe, babu wadda ta taɓa ɗaga kofin a cikinsu. Amma kafin ranar ta zo, an rufe Firimiya. Medeama ta zama zakara, uku suka faɗo: Kotoku Royals, Tamale City da King Faisal. Da wannan nauyi a zuciya yaranmu suka shiga filin Dr Kwame Kyei da ke Abrankese ranar Lahadi 18 ga Yuni, 2023.

   A kusa da garinta King Faisal ke wasa, a gaban mutanenta. Amma Dreams, ƙarƙashin koci Abdul Karim Zito, ta fi ta shiri. Wani matashi, Abdul Aziz Issah, ya fara jefa ƙwallo a raga kafin hutun rabin lokaci. Bayan an dawo Sadiq Alhassan ya ƙara ta biyu. Aka tashi 2 da nema. Kofi ya tafi Dawu, gidan Dreams, King Faisal ta tafi rukuni na ɗaya hannu rabbana.

Yanzu mu koma kan lambobinmu. Yaya ƙungiya za ta iya haye zagaye biyar a kofi, ta kasa tsira a Firimiya? Amsar tana cikin bambancin abin da gasannin biyu ke aunawa. Wasa ɗaya na sili ɗaya ƙwale, zuciya da ƙwazon minti 90 suna iya ɗaukar nauyinsa. Mai tsaron raga ya tashi da ƙafar dama, ɗan gaba ya samu dama ɗaya ya yi amfani da ita, an wuce wurin. Wasa 34 kuwa ba ya jin wannan yare. Yana tambayar ka: an biya 'yan wasa albashinsu a kan kari? Motar da za ta kai su Tarkwa ko Dormaa ko Tamale lafiyarta ƙalau? Sun kwana wuri mai kyau, sun ci abinci kafin wasa? Idan ɗan bayanka ya ji rauni, akwai wanda zai maye gurbinsa, akwai mai duba lafiyarsa? Kocin da ya fara kaka an bar shi ya gina wani abu? Ƙungiya kan iya ɓoye raunin nan rana ɗaya, ko kwana shida a shekara. Ba ta iya ɓoye shi wata tara.

Abin ba a Ghana kaɗai yake faruwa ba. A Ingila, inda aka fara irin wannan gasa tun 1871, Wigan Athletic ta doke Manchester City da ci ɗaya a wasan ƙarshe na 2013, bayan 'yan kwanaki ta faɗo daga Firimiyar ƙasar. Kofi bai hana ta faɗuwa ba.

To ita Dreams, me ta yi da nata kofin? A nan darasin ya fi fitowa fili, kuma da idonmu muka gani, domin a nan Baba Yara ta riƙa karɓar baƙinta na Afirka. Ƙungiya ce da aka kafa a 2009, wadda ta ɗauki renon matasa a matsayin jarinta. Ta cire Milo ta Gini, ta cire Kallon ta Saliyo. A rukuni ta haɗu da Club Africain ta Tunisiya, da Rivers United ta Najeriya, da Académica do Lobito ta Angola, ta fito ta ɗaya. Ta kawar da Stade Malien ta Mali a zagayen 'yan takwas. Ta je Alƙahira ta riƙe Zamalek ba ci, kafin Zamalek ta zo Kumasi a watan Afrilun 2024 ta ci ta 3 da nema. Zuwanta na farko ke nan gasar Afirka, ta kai wasan dab da na ƙarshe. Shi kuma yaron da ya fara cin King Faisal, Abdul Aziz Issah, a 2024 ya tafi aro ƙungiyar Barcelona ta biyu a Sifaniya.

Kofi ƙofa ya buɗe wa Dreams, ta shige da abin da ta riga ta tanada. Ba a fafe gora ranar tafiya. King Faisal kuwa kaka biyu suka biyo baya ba ta dawo ba: Basake Holy Stars ce ta haye daga shiyyarta a 2024, Swedru All Blacks a 2025. Faɗuwa nan da nan ce, hawa kuwa sai an sha wuya, domin ƙungiya ɗaya tak ke hayewa daga kowace shiyya ta rukuni na ɗaya.

(ɗan gajeren kiɗa)

'Yan'uwa, yanzu mu juyo da madubin gida.

Mu mutanen Zango muna son ƙwallo, wannan ba ya buƙatar shaida. Ranar wasan ƙarshe mun iya fita da ganguna da tutoci. Tambayar ita ce, a wasa 17 da ƙungiya ke yi a gida cikin kaka, nawa muke zuwa? Kowa ya san yadda kujeru ke zama wayam a yawancin wasannin lig ɗin ƙasar nan, alhali gidajen kallon ƙwallon Turai sun cika maƙil. Saurayi zai kawo maka sunayen 'yan benci na Chelsea ko Real Madrid, ka tambaye shi wa ke tsaron ragar ƙungiyar unguwarsu ya yi shiru. Kallon ƙwallon Turai ba laifi ba ne. Amma kuɗin ƙofa da ka biya a filin gida shi ke zama man mota da abincin ɗan wasa. Wanda ya tsallaka katanga, ko ya tsaya a ƙofa yana neman alfarmar shiga kyauta, ya rage wa ƙungiyar da yake cewa yana so. Wannan shi ne kira na farko: mu je, mu biya, tun daga wasan farko na kaka.

Kira na biyu ga attajiranmu ne da 'yan kasuwa, da 'ya'yan Zango da ke Turai da Amurka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da ta dogara ga aljihun mutum ɗaya, komai ƙoƙarinsa, ranar da ya gaji ita ma ta gaji. A samu masu sa hannun jari, a samu rajistar magoya baya masu biyan kuɗin wata, a samu lissafi a rubuce wanda duk mai bayarwa zai iya dubawa. Mutum ya fi sakin hannu idan ya ga inda kuɗinsa ya shiga. 'Yan'uwanmu na Kano sun ga irin wannan rana. Kano Pillars ta ɗaga kofin ƙalubalen Najeriya a 2019 a Kaduna, ta faɗo daga babbar gasa a 2022, ta dawo bayan kaka ɗaya. Faɗuwa ba mutuwa ba ce ga ƙungiyar da jama'arta ba su juya mata baya ba.

Kira na uku ga iyaye da masu horar da yara a kolts. Kofin ƙalubale ya nuna cewa yaro daga ƙaramar ƙungiya yana iya fitowa a gan shi. Amma ranar da aka gan shi, takardunsa za a fara tambaya. Ku yi wa yaro takardar haihuwa ta gaskiya tun yana ƙarami, ku yi masa rajista da sunansa na gaskiya a hukumar ƙwallo. Rage shekaru ha'inci ne, kuma asiri yana tonuwa, domin tun 2009 FIFA ke amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance 'yan ƙasa da shekara 17. Ku kuma yi hattara da masu zuwa da sunan dillalai suna cewa a sayar da fili ko a ci bashi za su kai yaro Turai. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a 'yan yanayi ƙalilan. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya fitar da ɗan shekara 15, ku je ofishin hukumar ƙwallo ta yankin Ashanti ku tambaya kafin ku ba da ko sidi ɗaya. Sannan makaranta, boko da allo, ba a ajiye ta saboda ƙwallo. Baba Yara, ɗan Kumasi, sarkin 'yan wasan gefe da filinmu ke ɗauke da sunansa, yana ganiyarsa haɗarin mota ɗaya ya raba shi da fili a 1963. Cikin yaran da ke buga ƙwallo a lungunanmu kaɗan ne za su ci abinci da ita, kuma su ma sai sun iya karanta kwantiragin da za su sa wa hannu.

Kira na huɗu ga samari ne, kuma abu biyu ne: caca da faɗa. Addininmu ya haramta caca, dokar ƙasa ta hana ta ga wanda bai kai 18 ba, kuma ita ce ke buɗe ƙofar sayar da wasa. AshantiGold ta buga wasan ƙarshe na wannan kofi a 2021. A 2022 hukumar ƙwallo ta mayar da ita rukuni na biyu tare da Inter Allies, bayan ta same su da laifin haɗa baki a wasan da aka tashi 7 da nema. Tsohuwar zakarar ƙasa ke nan, abin da aka yi shekaru ana ginawa ya rushe. Maganar faɗa kuwa, ba mu manta da 9 ga Mayu, 2001 ba, ranar da fiye da mutum 120 suka rasu a filin wasa na Accra. A watan Fabrairun 2025 ma an kashe wani magoyin bayan Kotoko a Nsoatre, har aka dakatar da lig. A gasar sili ɗaya ƙwale dole ɗaya ya fita. Wanda bai shirya wa shan kashi ba, bai shirya wa zuwa fili ba. Kuma kun sani, duk jifan da ɗan Zango ɗaya ya yi, sunan Zango duka ake kira.

Masu sauraro, kofin bai daina ba ƙanana dama ba. A 2024 Bofoakwa Tano da Nsoatreman ne suka kai wasan ƙarshe, Nsoatreman ta ɗauka a bugun fenariti. A 2025 Golden Kick, ƙungiyar rukuni na ɗaya, ta kai wasan ƙarshe, sai da Kotoko ta yi da gaske kafin ta ci ta 2 da 1. Ke nan ko daga rukuni na ɗaya King Faisal na iya komawa wannan mataki, kuma duk wata ƙaramar ƙungiya ta Asawase ko Aboabo tana da hakkin yin wannan buri. Ƙuri'a za ta sake fitowa, dama za ta sake zuwa. Abin da ke hannunmu shi ne halin da za ta iske mu a ciki.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Magoyin baya, nemi ranar wasan gida na gaba, ka je ka biya kuɗin ƙofa, ka ja abokinka. Uba, je ka ga kocin ɗanka ido da ido, ka duba sunan da shekarun da aka rubuta masa. Uwa, tambayi malaminsa ko yana zuwa aji. Mai hali, kira shugabannin ƙungiyar unguwarku ka tambaye su me ya fi damun su, ko ƙwallaye ne, ko riguna, ko kuɗin mota. Kada mu jira sai an kai wasan ƙarshe kafin mu tuna ƙungiyar tamu ce.

A nan za mu dasa aya. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba matasanmu sana'a mai albarka, ya zaunar da Zango da Ghana lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.